Matar da Ke Ƙara wa Mutane Suna

A garinmu na Ofakim, a kudancin Isra'ila, idan aka ce likita ya girgiza kai a kan wani, ba danginsa ake fara buga wa waya ba, Fireha Azulai ake kira. Ba ta yi karatun jinya ba, ba ta taɓa riƙe allura ba sai ta ɗinki. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa wa 'yan firamare abinci, har hannunta ya saba da ƙaton ludayi, ko shayi za ta motsa sai ya fantsama. Amma ka tambayi kowa a unguwarmu wa ke hana mutane mutuwa, ba zai ce maka asibitin Biyasheba ba.

Ni Zohara, jirgin ruwa ɗaya ya kawo mu daga Maroko ni da ita, muna 'yan shekara bakwai bakwai. Ƙofarta na kallon tawa shekara hamsin. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Abin da ya ɗaga Fireha sama da mu shi ne ta san sunan uwar kowa. Mara lafiya da sunan uwarsa ake masa addu'a, wane ɗan wance, kuma mutum sai ya manta sunan kakarsa amma Fireha tana riƙe da shi. Kafin awa guda ta cika ta raba wa mata arba'in littafin Zabura, kowa da rabonta, wadda ta yi jinkiri kuwa za ta ji a jikinta. Idan Zabura ba ta tsayar da ciwon ba, sai ta zaro babban makaminta, ƙarin suna. Ranar da ake fito da Attaura a majami'a, Litinin ko Alhamis ko Asabar, sai maza su tsaya a gabanta a ƙara wa mara lafiya suna: namiji Hayim, wato rai, mace Haya. Dalili shi ne hukuncin da aka rubuta a sama da tsohon suna aka rubuta shi, idan mala'ika ya zo da takardarsa sai ya tarar da wani mutum dabam. Ni dai tun ina yarinya nake mamakin mala'ikan da zai ruɗe da abin da ko mai raba wasiƙa ba zai ruɗe da shi ba. Ban taɓa faɗa a gaban Fireha ba.

Kada in zalunce ta. Wasu sun tashi, na gani da idona. Ta wanke tsofaffin da 'ya'yan cikinsu ke toshe hanci a kansu. Ta ɗura wa mutane miya cokali cokali har suka miƙe. Idan kana kwance ba kowa, fuskar Fireha za ka fara gani, da tukunyarta a naɗe cikin tawul.

Likitoci kuwa suna jin takunta suke neman aiki a wani ɗaki. Akwai wata Dakta Galina, 'yar Rasha ce, doguwa mai gajeren haƙuri, ita kaɗai ke tsaya mata. Ta taɓa tambayar iyalan wani tsoho, "Ku duba shi da kyau. Wace irin rayuwa ce ta rage masa?"

Fireha ta shiga tsakani. "Rai tumatir ne, da za ki latsa ki ce wannan ya yi laushi a zubar? Numfashi ɗaya na tsoho ɗan casa'in daidai yake da shekara saba'in na jariri. Wanda ya ba da shi shi zai karɓa, ke yi aikinki."

Duk unguwa aka haddace maganar, har yara suna kwaikwayonta da hannu a ƙugu.

Mutum ɗaya ne bai cika son aikin Fireha ba, shi ne mijina Mahaluf. Sana'arsa sassaƙa sunaye a kan duwatsun kabari. Dokar ita ce idan wanda aka ƙara wa suna ya kwana talatin da shi, ya zama nasa har kan dutse. Sai Mahaluf ya dawo gida fari fat da ƙura, ya hango ta a ƙofa ya ce, "Maƙwabciya, don Allah ki riƙa zaɓo gajeru. Kowane suna kika ƙara, ni ke shaƙar ƙurarsa."

Ita kuma ta ce, "Ka gode Allah da na sama maka aiki."

Ƙurar ce kuwa ta cinye masa huhu. Yana da shekara sittin da takwas aka kwantar da shi a Biyasheba, yana jan numfashi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Dakta Galina ta ce mana kafin yamma sai an zaɓa: ko a zura masa bututu a maƙogwaro a haɗa shi da na'ura, ko a bar shi da iskar hanci da maganin zafi. Ta ce huhun ba zai dawo ba ko an sa. Kowa ya sani a wajenmu abin da aka haɗa ba a cire shi, wanda ya zare kamar ya yi kisa ne. Mahaluf na jin duk abin da ake faɗa. Fireha ta ce mini, "Je ki sayo masa shayi da na'ana'a a ƙasa, leɓensa ya bushe." Na tafi. Da na dawo idonsa a rufe, ita kuma ta ce, "Ya yi magana. Ya ce a sa." Na sa hannu a takarda, shayin na huce a kan taga.

Wata goma sha huɗu ya yi a kan na'urar nan. Bai sake magana ba. An ɗaure masa hannu saboda yana neman fizge bututun, Fireha ta ce ƙarfin rai ne. A wata na farko aka ƙara masa Hayim. A na biyar Rafa'el. A na goma Yehiyel. Duk ya kwana talatin da su, duk suka zama nasa, kuma sabon suna gaba ake sa shi. Ka je maƙabartarmu yau za ka ga Yehiyel Rafa'el Hayim, sannan can ƙasa, inda yashi ke rufewa idan iska ta taso, Mahaluf. Mutumin da ya gaje shi a sana'ar sai da ya ƙanƙanta haruffan kafin su shiga.

Na gode wa Fireha a ranar jana'iza. Na rungume ta na ce ta ba ni wata goma sha huɗu da mijina. Har kuskus na dafa mata da nama.

Shekara goma sha ɗaya suka wuce, sai ciwon daji ya kama ta. Ya fara daga hanji, aka yanka, aka yi mata ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, ya koma ƙashi, daga nan ya hau huhu. Matan da ta horar suka tashi kamar sojoji. Zabura sau uku a rana. Babban ɗanta Mayir ya taso daga Bene Barak da baƙar hularsa da gemunsa, ya dasa kujera a ƙofar ɗakinta, ya karɓe wayarta don kada a gajiyar da ita. Ita ta koya masa hakan, kuma ya iya.

Ranar wata Alhamis da rana na je. Mayir ya miƙe. "Goggo Zohara, sannu da zuwa. An gama shiri. Litinin da safe za a ƙara mata Haya, daga nan in zo in sa hannu a takardar bututu. Likitar nan har tana tambayata wai wace irin rayuwa ce ta rage mata. Na ce mata rai tumatir ne?"

Fireha ta buɗe ido. Ta zama 'yar mitsitsiya a cikin gadon, hannun nan na ludayi duk allura ta huda shi. Ta ce, "Mayir, je ka sayo mini shayi da na'ana'a a ƙasa."

Ya tafi da sauri. Na bi bayansa da kallo, wani abu ya taɓa mini zuciya, amma ban gane ko mene ne ba tukuna.

"Matso," in ji ta. Kalma biyu uku take yi ta huta. "Ba na son sunan. Ba na son bututun. Gida nake so."

"To ki faɗa masa mana."

"Da wane baki? Maganata ce yake maimaita mini. Na fara jiya, ya ce zazzaɓi ne." Ta ja iska. "Kawo mini malaminmu Rabbi Nissim kafin Litinin. Shi kaɗai Mayir zai ji."

Na yi dariya, Allah ya yafe mini. "Ke Fireha? Ke da numfashi ɗaya daidai da shekara saba'in?"

"Ban san haka numfashi yake da tsada ba." Ta kama hannuna. "Tsaya. Kada ki yi mini alheri a makance. Mahaluf bai ce a sa ba."

Na ce, "Me kika ce?"

"Da kika fita, ya ce, maƙwabciya, ku bar ni haka, na gaji. Sau biyu ya faɗa. Na ce a raina Shaiɗan ne ke magana da bakin mai ciwo. Na ce ceto na yi."

Na zare hannuna. Ban zage ta ba, ban yi kuka ba. Na ɗauki jakata, na yi karo da Mayir a ƙofa da kofinsa, har shayin ya zubo masa a hannu.

Zan faɗi gaskiya, tunda na tsufa da yin ado. Na tsane ta a ranar nan kamar ban taɓa tsanar wani ba. Na tuna hannun Mahaluf a ɗaure da gado. Na tuna ina tsaye ina shafa masa kai ina cewa yi haƙuri, kai ka zaɓa. Na tuna kuskus ɗin. Kuma na ga abin ya zo mini da sauƙi: ba sai na yi komai ba. In zauna a ɗakina kawai. Litinin za ta zo da kanta, a ƙara mata Haya, a zura mata bututu, a ɗaure hannun, ni kuma in karanta rabona na Zabura da murya mai daɗi. Ba mai cewa na yi laifi. Yabona ma za a yi.

Juma'a na dafa kifina da tattasai, na kunna kyandirorin tarbar Asabar, ban je wajen Rabbi ba. Asabar na zauna a saman majami'a wajen mata, ina jin suna cewa mace irin Fireha ko sunaye goma ne a ƙara mata. Na ce amin. Lahadi na wanke labulen da bai yi datti ba.

Litinin da sassafe na ce bari in je in ga yadda za a yi. Haka na faɗa wa kaina, kallo kawai. Na hau sama, mata sun cika benci, kowace da littafinta. A ƙasa maza sun fito da Attaura sun shimfiɗa. Rabbi Nissim, tsoho ɗan siriri mai nauyin kunne, ya gyara tabarau. Mayir ya matsa kusa da shi. Mai jan addu'a ya fara, ya kira Fireha 'yar Masa'uda, ya ce daga yau za a kira sunanta a cikin Isra'ila...

Ban san lokacin da na miƙe ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutum biyu na sani sun ce a bar su, kuma in na yi shiru ba ko ɗaya da aka saurara. Na yaye labulen da ke kare wajen mata na leƙa ƙasa.

"Ba ta so!"

Maza duk suka ɗago kai. Mace ba ta magana daga sama ana karatun Attaura, balle ihu. Wata ta ja mini siket. Wani tsoho a ƙasa ya ce, "Wace ce wannan? A zaunar da ita."

"Zohara ce, matar wanda kuka ɗora wa sunaye uku! Ranka ya daɗe, Fireha ta ce ba ta son suna, ba ta son bututu. Tun Alhamis ta aiko ni wajenka, ni ce na ƙi zuwa."

Rabbi ya sa hannu a bayan kunne. "Me ta ce?"

Mayir ya ce, "Goggo Zohara ba ta da lafiya, ranka ya daɗe. A ci gaba."

"Na ji ta ai," in ji Rabbi. "Ina so in ji ko kai ma ka ji." Ya sa aka ƙarasa karatun ranar, aka naɗe Attaura, ba a ƙara komai ba. Ya ce suna ba ya gudu, akwai Alhamis. Ya ce Mayir ya kawo mota.

Mu uku muka tafi Biyasheba. A ɗakin, Rabbi bai fara da Fireha ba, Dakta Galina ya sa aka kira. Ta shigo da fuskar wadda ta shirya faɗa.

"Likita, idan aka sa mata, za ta warke?"

"A'a."

"Zai ƙara mata kwana?"

"Makonni. Wataƙila watanni."

"Cikin wahala?"

"Ƙashinta duk ciwo ne. Sai mun ɗaure ta ko mu sumar da ita."

Ya juya ga gadon. "Fireha 'yar Masa'uda, da hankalinki kike? Yau wace rana?"

"Litinin. Kuma maɓallin rigarka ya shiga ramin da ba nasa ba."

"Da hankalinta take," in ji Rabbi. "Me kike so?"

Ta kalli Mayir, ta kalli likitar da ta yi shekara da shekaru tana tozartawa, sannan ta kalli rufin ɗaki. "Gida."

Rabbi ya yi magana a hankali. Ya ce rai ba namu ba ne, ba mai ikon gajarta shi ko da ƙiftawar ido, wannan gaskiya ne. Abinci da ruwa da iskar hanci ba a hana ta, maganin zafi a ba ta iya abin da take buƙata. Amma wanda ciwonsa ba ya da magani, yana cikin azaba, ba a tilasta masa wani sabon abu da zai ja masa azabar kawai. Abin da ba a haɗa ba tukuna, tana da ikon cewa a'a.

Mayir ya fashe da kuka kamar yaro, gemu da komai. "Amma Mama kullum tana cewa..."

"Mamarka ta iya girki," in ji Rabbi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe aka sauko da wannan hukuncin?"

"Tun kafin a haifi kakanki."

"To me ya sa ba ka faɗa mini ba lokacin Mahaluf?"

Ya cire tabarau ya goge. "Ba wanda ya tambaye ni, 'yata. Ban taɓa isowa ba sai an riga an sa, sannan a ce in zo in ƙara suna. Ni ma ban tambaya ba, wannan laifina ne."

Dakta Galina ta matso kusa da gadon. Ta gyara wa Fireha matashi, abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba. Fireha ta ce, "Kada ki ji daɗi da yawa." Likitar ta ce, "Ban ji ba."

Washegari aka kawo ta gida da tukunyar iska. Matan Zabura suka rasa inda za su sa kansu, suka je suka tambayi Rabbi me za su roƙa yanzu. Ya ce su roƙa mata rahama, su bar wa Ubangiji zaɓin irinta. Wasu suka daina gaishe ni, har yau akwai biyu da ke tsallaka titi.

Ni nake dafa mata. Ba don na huce ba, sai don matar Mayir girkinta ko mai lafiya sai ya kwanta. Ranar Juma'a na kai mata kifi, ta ɗanɗana ta ce tafarnuwa ta yi kaɗan. Sannan ta ce, "Kin yafe?"

"Ban yafe ba. Buɗe baki."

Ta buɗe, ta haɗiye. "To yaya zan yi?"

"Ba ni kika ɗaure wa hannu ba."

Ta san dokar fiye da ni. Wanda ya zalunci mutum har ya mutu bai nemi gafararsa ba, sai ya tara maza goma ya je kan kabarinsa ba takalmi, ya faɗi laifinsa a gabansu. Rabbi ya ce a halinta za ta iya aika wakili. Ta ce ta gama aika mutane.

Ranar Lahadi da hantsi, kwana shida kafin ta rasu da sunanta guda na haihuwa, Mayir ya tura ta a keken marasa lafiya har maƙabarta, tukunyar iska a kan cinyarta. Maza goma suka kewaye, da Rabbi a cikinsu. Na durƙusa na cire mata silifa, sannan na share yashin da ya rufe ƙasan dutsen da tafin hannuna. Mayir ya sunkuya ya raɗa mata ta kira shi da cikakken sunansa, kamar yadda yake a rubuce.

Ta ɗaga kai ta dubi layin sama, ta buɗe baki, ta fara, tari ya sarƙe ta. Ta huta, ta sake gwadawa, ba ta kai ƙarshen Yehiyel ba. Sunaye uku ta ɗora masa da bakinta, yau numfashinta bai isa ko ɗaya ba. Muka tsaya muna jira, ba abin da ake ji sai hucin tukunyar. Idonta ya gangaro har ƙasa inda na share.

"Mahaluf," in ji ta. "Maƙwabci. Na ji ka ranar nan."